Randar Mahaifina da Motocin Gyaɗa

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in yarda in rubuta ta. Sau da yawa nakan ɗauki alƙalami in mayar in ajiye, don tsoron kada in faɗi fiye da abin da ya faru in ɗauki alhakin wani, ko da kuwa mutumin bai cancanci a tausaya masa ba. Ga shi karatuna bai wuce elementare ba. Amma tsufa ya zo, waɗanda suka ga abin da idonsu sun kusa ƙarewa, kuma akwai tambayar da nake so in yi wa jama'a. Tambayar ba za ta fahimtu ba sai na faro daga tushe.

Gidanmu a Jibiya yana bakin hanyar da ta fito daga Maraɗi ta nufi Katsina. A ƙofar gidan akwai tsamiya, a gindin tsamiyar akwai randa. Mahaifina ne ya girka ta tun ban yi wayo ba. Shi falke ne a ƙuruciyarsa. Ya taɓa ɓata a daji da jakunansa cikin bazara, ƙishirwa ta kai shi har ya fara ganin duhu da rana tsaka, sai Allah ya haɗa shi da wata randa a ƙofar wani gida da bai san masu shi ba. Ya sha, ya rayu. Tun daga nan ya yi alkawari tsakaninsa da Ubangijinsa cewa in ya yi gida, ƙofar gidansa ba za ta rasa ruwa ba. Da ajalinsa ya matso ya kira ni ya gaya mini abu biyu: kada randar ta wuni ba ruwa, kuma kada a hana kowa. Bai yi mini wasiyyar gona ba, bai yi mini ta gida ba. Wannan kaɗai ya bar mini.

Randar babba ce, baƙa, gindinta a dashe cikin yashi bisa wani ɗan tudu. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ita ke yayyafa wa yashin ruwa don randar ta riƙe sanyi, ita ke jefa saiwar jema a ciki don ƙamshi. Akwai faifai a baki, da moda ta duma ɗaure da igiya. Ɗebo ruwan kuwa aikina ne. Da zarar an sallame asuba nakan kora jaki da tuluna zuwa rijiyar da ke wajen gulbi. Da bazara rijiyar takan ja baya, sai mutum ya tsuguna ya jira ta tsattsafo, ya kwalfa, ya sake jira. Ban taɓa ƙorafi a kan wannan ba.

Sana'ata ɗinki. Kekena a zaure yake, ina fuskantar ƙofa, saboda haka duk wanda ya sha ina ganinsa. Masu jakai daga Mazanya ranar kasuwa, Fulani mata masu nono, manoman Riko da suka kawo gero, baƙi da ban san inda suka fito ba. Mutum zai tsuguna, ya yi bisimilla, ya sha, ya rufe faifai, ya ce, "Allah ya kai ladan kabarin mai ita." Wannan addu'a ita ce abin da nake aika wa mahaifina kullum. In na ji ta sai in ji kamar na kai masa tuwo har ɗaki.

Ana haka, a shekarun nan na kafin mulkin kai, sai motocin gyaɗa suka yi yawa. Gyaɗar ƙasar Faranshi, wato can ƙetaren iyaka wajen Maraɗi, ta nan take bi zuwa Kano. Da can sandar da ake gitta wa hanya a tsayar da motoci tana can gaba, nesa da gidaje. Wata shekara aka gyara hanyar, aka haƙa kwata a gefenta, aka matso da sandar har kusa da tsamiyarmu. Ba wanda ya tambaye mu. Muka wayi gari ƙofar gidanmu ta zama tasha.

Wanda bai zauna bakin tasha ba ba zai san abin da muka sha ba. Mota za ta tsaya jiran a duba takardunta, wata ta tsaya bayanta, wata bayan waccan, duk injuna na ruri, hayaƙi na shiga zaure yana baƙanta mini farin yadin mutane. Yaran mota, waɗanda ake kira yara alhali ƙartai ne masu gemu, suka mai da gindin katangarmu makewayi, har ƙasar ta fara zubewa kamar gari. Kajin matata biyu-biyu suka riƙa ƙarewa ƙarƙashin taya. Ashar kuwa, wadda ba a taɓa ji a unguwarmu ba, ta zama abin da iyalina ke ji ta bisa katanga suna daka. Duk wannan na haɗiye. Katanga ana yaɓe ta, kaza ana sake wata.

Sai wata maƙwabciyarmu, dattijuwa da ya kamata a ce ta san ya kamata, ta ga kasuwa ta zo mata har gida, ta kafa tukunyar tuwo a ɗaya gefen tsamiyar. Ita ba ta ɗebo ruwa. In mai ci ya nemi na wanke hannu sai ta nuna da leɓe ta ce, "Ga shi can, na Allah ne." Mutum ya taso da hannu duk miyar kuka ya kama modar da mutane ke sa wa a baki. Na yi mata magana cikin ladabi.

Na ce, "Iya, don Allah ki riƙa ajiye nasu na wanke hannu daban."

Ta ce, "Kai tela, ruwan sadaka kake wa rowa? Ubanka bai yi haka ba."

Na koma zaure raina a ɓace. Ranar na ɗinka wa wani mutum hannun riga a juye.

Amma wanda ya kai ni bango wani direba ne mai koriyar mota, fitilarta ta hagu a ɗaure da waya. Dogo ne, da jar hula a karkace, Hausarsa a cakuɗe da kalmomin can ƙetare. Ran da na fara ganinsa, ya sauko, ya buɗe gaban motar tana tururi, ya ɗauko galan baƙi ƙirin da mai, ya ture faifai da ƙafa, ya tsoma galan ɗin cikin randa. Ya cika ya ɗura wa lagireto, ya dawo ya sake cikawa. Ruwan da na tsuguna tun asuba ina kwalfa, ya tafi cikin ƙarfe.

Na fito na ce, "Sannu direba. Ruwan nan na sha ne."

Ya ce, "To ai sha za a yi, mushe tela." Mushen nasa ba na matacciyar dabba ba ne, a yaren Faranshi wai malam ke nan. Ya bubbugi goshin motar. "Wagga tsohuwa tun Maraɗi take kukan ƙishi."

"Na mutane ne."

"An ce mani mai randar ya ce kada a hana kowa. Ko ƙarya aka yi mashi?"

Na waiwaya na ga mai tuwo tana dariya tana rufe baki da gefen zane. Na san daga inda maganar ta fito. Wasiyyar da uba ya yi wa ɗansa a bakin mutuwa ita aka ɗauka aka miƙa wa baƙo ya doke ni da ita. Kafin mako ya zagayo duk direbobin hanyar sun san ta. Randar da ke kai wa la'asar ta koma ƙarewa kafin azahar. Sai in ga tsoho ya zo da jakinsa ya ɗaga faifai ya leƙa, ya mayar ya rufe, ya wuce. Ba addu'a, ba komai. Ni kuma sai in ajiye ɗinki in sake kora jaki rijiya cikin tsakar rana.

Abin ya hana ni sukuni. In na hana su, na saɓa wa mahaifina. In na bar su, randa ta wuni ba ruwa, nan ma na saɓa masa. Na je wurin limamin unguwarmu na kwashe duka na gaya masa, na tambaye shi ko mota tana cikin kowa. Ya ce lada tana ga shayar da mai rai, ƙarfe kuwa ba shi da rai. Na fara jin sanyi a raina. Sai ya ƙara da cewa amma in motar ta mutu a daji saboda rashin ruwa, mutanen da ke kanta masu rai ne. Na fito daga wurinsa da damuwa biyu maimakon ɗaya.

Na je wurin mai unguwa. Na tsuguna na ce, "Ranka ya daɗe, a yi mana maganin masu motocin nan." Yana cin goron da ni na san direbobi ne suka kawo masa, ya ce, "Hanya ta Bature ce, tsamiya ta Allah ce, randa taka ce. Ɗauke ta ka kai cikin gida, ka huta." Wato in kai ruwan matafiya inda matafiyi ba ya shiga. Na yi godiya na tashi, don ba a yi wa babba musu, amma har yau in na tuna amsar nan raina yana ɓaci.

Na nemo tsohon duro na ajiye a bakin kwata, na riƙa cika shi da ruwan kududdufi don motoci. Suka ƙi. Wai laka tana toshe lagireto. Mai jar hula ya leƙa duron ya ce, "Wannan ka ba surukanka." Ya wuce randa.

Inna ce ta kawo shawarar magini. Ta ce a gine randar a zagaye da ƙasa har wuya, a rufe sama, a bar 'yar kafa daidai shigar moda. Ta ce, "Ba ka hana kowa ba ke nan. Mai baki ya sha, mai galan ya nemi gabansa." Na juya maganar ta kowane gefe ban ga inda ta saɓa wa wasiyya ba. Magini ya zo ya yi aiki mai kyau, har ya shafe ginin sumul. Direbobi suka zo da galan suka zagaya suka rasa ta inda za su sa shi, suka yi tsaki suka nufi duro. Randa ta koma kai wa la'asar. Addu'a ta dawo. Kwanakin nan na ci abinci na ji daɗinsa.

Lokacin mai jar hula ba ya nan, ban san inda ya shiga ba. Ran da ya dawo ni ina rijiya, don ranar kasuwa ce, masu sha sun yi yawa, na ce bari in ƙaro. Ina dawowa da jaki na hango koriyar mota. Na hango shi yana fitowa daga cikin kwata da galan cike, yaron motarsa yana naɗe wani baƙin tiyo. Ashe tiyon da suke zuƙo fetur da shi daga duro zuwa tanki shi ya zura ta kafar moda, ya sauka cikin kwata inda ya fi randar gangare, ya zuƙa da baki, ruwa ya biyo. Wannan daga baya na gane. A lokacin dai na tsaya ina kallo kamar wawa.

Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Gini ya yi kyau, mushe tela! A gai da magini!" Aka ɗaga masa sanda, ya wuce.

Ina sauke tuluna a ƙofar zaure sai ga wata mata ta taho a ƙasa daga wajen Daddara. Da goyo a bayanta, da ƙwarya a kanta, tana jaye da 'yar yarinya da ba ta wuce yaye da yawa ba. Ƙafafunsu fari fat. Ta sauke ƙwaryar, ta tsuguna, ta zura moda, ta yi bisimilla, ta fara ba yarinyar kamar yadda kowace uwa za ta yi. Yarinyar don ƙishi ta kafa kai ta yi ta kwankwaɗa. Can sai ta ture modar ta fasa ƙara, ta kama tari, ta fara amai. Uwar ta sansana modar, ta ɗanɗana, ta tofar. Ta miƙe tsaye. Ba ta dube ni ba, ba ta ma san ni ne mai gidan ba. Randar ta duba, ta ce da ƙarfi:

"Allah ya isa tsakanina da wanda ya girka wagga randa. Allah ya shayar da shi abin da ya shayar da ɗiyata."

Wanda ya girka randar yana kwance a maƙabarta.

Na suri tulu na ruga wurinta ina cewa, "Baiwar Allah, tsaya, ga mai kyau, yanzu na ɗebo shi." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Sha abinka." Ta saɓa yarinyar a kafaɗa bisa goyon, ta ɗauki ƙwaryarta, ta bi ta gefen sanda ta yi arewa. Na bi ta ina magana, ina cewa ba mai randar ba ne, direba ne, ta saurare ni. Ko waiwaye ba ta yi ba. Yaran mota da ke zaune a inuwa suka fara shewa, wani ya ce, "Tela ya ga mata!" Magidanci ba ya bin matar da bai sani ba a kan hanya jama'a na kallo. Na tsaya da tulu a hannu har ta ɓace mini.

Na dawo na zura moda na ɗebo. Ga mai yana yawo a saman ruwan, launi-launi kamar wuyan tantabara. Na tambayi mai tuwo, wadda komai a gabanta aka yi, me ya sa ba ta hana matar sha ba. Ta ce, "Ni mi na gani? Ina tuƙi." Tun daga ranar ban ƙara ce mata Iya ba. Gaisuwar Musulunci kawai ke tsakaninmu har ta bar duniya.

Da hannuna na rushe ginin. Muka ciro randar muka shigar da ita gida. Inna ta wanke ta da toka, ta jiƙa tsamiya ta kwana a ciki, ta kifa ta ta turara da jema, ta shanya ta a rana. A zuba ruwa, a bar shi ya jima, a ɗanɗana, fetur. Ƙasar randar ta riga ta sha. Inna ba mai kuka ba ce, amma ranar da ta haƙura ta kife randar a kusurwar ɗakinta na ga tana share ido da bakin mayafi. Na sayo sabuwa na girka a ranar da abin ya faru, don kada wuni ya wuce ba ruwa. Ana sha, ana addu'a. Amma ruwanta bai taɓa yin sanyin waccan ba.

Na koma wurin liman. Ya ce Allah ya san wanda ya yi, ba ya kama wani da laifin wani, in kwantar da hankalina. Na yarda da wannan, ban isa in musa ba. Amma matar nan matafiya ce, kuma an cuce ta, kuma da bisimilla ta ɗebi ruwan. Tun muna yara ake gaya mana irin wannan baki ba ya faɗuwa ƙasa. Duk lokacin da na ji wani ya ce Allah ya kai ladan kabarin mai ita, sai in ji muryarta a bayan tasa. Ga kuma yarinyar. Ban san ko aman ya tsaya ba. Ban san ko sun sami ruwa a gaba ba, kuma bazara ce.

Mai jar hula ya sake biyowa bayan 'yan kwanaki. Na tare shi a gaban mutane, na gaya masa abin da tiyonsa ya jawo. Na zaci ko kunya zai ji. Ya ce, "Ɗan fetur kaɗan? Mu kullum shan shi muke, ga mu nan da ƙibarmu." Yaran mota suka kwashe da dariya. Ya dubi sabuwar randar, wadda ban sake ginewa ba don tsoron tiyo, ya ce, "Yauwa, haka ya fi." Ya tsoma galan. Ina tsaye. An ce mini kada in hana kowa.

An ce yafiya ta fi, kuma na san haka ne. Na yi ƙoƙari. Ban iya ba. Mutumin nan bai sace mini komai da za a kai gaban alƙali ba, amma ya shiga tsakanin mamaci da ladarsa, yana dariya.

Daga baya motocin gyaɗa suka ragu, aka sake ɗage sandar zuwa wani wuri, ƙofar gidanmu ta koma shiru. Koriyar mota ban ƙara ganinta ba. Matar kuwa na neme ta. Na tambaya a Daddara da ƙauyukan da ke kewaye, na tambayi mata masu zuwa kasuwa ta bakin matata, na sa fatake su tambaya mini a can ƙetare. Ba wanda ya san ta. Inna, a ciwonta na ƙarshe, ta nuna mini randar da ke kife ta ce, "Ka nemo matar nan ta janye bakinta daga kan ubanka." Wasiyya ta zama biyu, ta farkon ina riƙe da ita, ta biyun ta gagare ni.

Shi ya sa na rubuta wannan. Matar doguwa ce, baƙa, da zane baƙi na saƙi, da tsage a kumatu irin na mutanen arewa da mu. Yarinyar tana da laya a wuya cikin jar fata. In tana raye yanzu ta zama uwa, wataƙila ma kaka. Mai yiwuwa a wani gida, nan ko can ƙetaren iyaka, akwai tsohuwar da ke ba da labarin ranar da aka ba 'yarta ruwan fetur a Jibiya, tana tsine wa mutanen garin. Duk wanda ya taɓa jin wannan labari daga bakin uwarsa, ko kakarsa, ko maƙwabciyarsa, don Allah ya aiko mini da saƙo ta hannun masu zuwa kasuwar Jibiya. A ce gidan tsohon tela mai randa a gindin tsamiya, za a nuna. Ina so in san ko yarinyar ta rayu. In uwar tana da rai, a gaya mata wanda ya girka randar bai san fetur ba, ya rasu tun kafin a matso da sanda ƙofar gidansa, kuma ɗansa yana roƙon ta janye maganarta. In ta riga mu gidan gaskiya, to 'yar ta zo, ko ta aiko, ta faɗa a madadinta. Randa tana nan cike, da moda a kai.